Gani Ya Kori Ji: Tarihin Gardamar Kafasita Tsakanin Masu Son Sauti

Kusan duk gidan da ke da fankar sama ya san kafasita, ko da ba a san sunanta ba. Fanka ta fara juyi kamar mai gyangyaɗi, a kira mai gyara, ya hau kujera ya cire wani ɗan abu mai waya biyu, ya sa sabo, iska ta dawo. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma a Amurka da Ingila da Japan akwai mutanen da suka shafe fiye da shekara 40 suna gardama a kan wannan ɗan abu. Suna buɗe amfilifaya da sifiku, su narka dalma su cire kafasitocin da kamfani ya sa, su maye gurbinsu da wasu da ake sayar da ƙwaya ɗaya a kan ɗaruruwan daloli, sannan su rantse cewa kiɗa ya buɗe, murya ta yi kusa, ganga ta yi kauri. Wasu kuma, injiniyoyi riƙe da na'urorin awo, su ce kunne ne ya yaudare su.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, wannan gardama ta ja hankalinmu ne saboda tambayar da ke ƙarƙashinta irin wadda muke fama da ita ce kullum: idan ka canza wani abu a cikin na'ura, ta yaya za ka tabbatar ka gyara ta, ba burinka ne kawai ya sa ka ga kamar ta gyaru ba?

Daga kwalba aka fara

A watan Oktoba na 1745, wani malamin coci Bajamushe mai suna Ewald Georg von Kleist, a garin Kammin da yanzu ke cikin ƙasar Folan, ya soka ƙusa a cikin kwalba ya haɗa ta da injin da ke tara lantarki ta hanyar gogayya. Da ya taɓa ƙusar, sai ya ji fizga mai tsanani. Watanni kaɗan bayan haka Pieter van Musschenbroek, farfesa a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya ci karo da abu iri ɗaya, ya rubuta wa wani masani a Faris cewa ko da za a ba shi masarautar Faransa ba zai sake gwadawa ba. Sunan garinsa ya bi abin, aka riƙa kiransa kwalbar Leiden. Abbé Nollet ya mayar da ita abin kallo a fadar Sarki Louis na 15, inda ya jera sojoji 180 riƙe da hannun juna, ya sake musu lantarkin kwalbar, suka zabura lokaci guda.

Sirrin kwalbar mai sauƙi ne: abu biyu masu ɗaukar lantarki, da shamaki a tsakaninsu wanda lantarki ba ya ketawa. Duk kafasitar da aka ƙera daga lokacin zuwa yau haka take, abin da ke canzawa shi ne shamakin. Gilashi aka fara da shi, har masu aika saƙon rediyo na farko irin su Marconi da jerin kwalabe suka yi aiki. Wajen 1910 William Dubilier ya fito da mai shamakin maika, wani dutse da ke ɓantaruwa falle-falle. Aka kuma yi ta takarda da aka jiƙa da kakin zuma ko mai, aka naɗe kamar tabarma. A 1896 Charles Pollak ya nemi rajistar wata dabara daban: idan aka tsoma fallen alminiyom a ruwan sinadari aka sa masa lantarki, wata siririyar fata tana fitowa a jikinsa, ita ce ke zama shamaki. Saboda tsananin sirantarta, ƙaramin gwangwani yana iya riƙe caji mai yawa. Samuel Ruben ya inganta dabarar a 1925, daidai lokacin da rediyo ke barin batir yana komawa wutar gida, ana neman abin da zai kashe gunjin da wutar ke shigarwa cikin sifika. Wannan ita ce kafasita mai ruwa, wadda har gobe ita ce ta fi yawa a sashen wutar kowace na'ura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu shamakin leda, da na tangaran, da na ƙarfen tantalam suka yaɗu.

Tun a farkon wannan tarihi akwai alaƙa da daɗin sauti. Robert Sprague, wanda ya kafa kamfaninsa a jihar Massachusetts a 1926, abin da ya fara sayarwa shi ne ɗan na'urar daidaita amon rediyo, kuma zuciyarta kafasitar takarda ce. Daga baya ya ga kafasitar ta fi na'urar kasuwa.

Aikinta a cikin akwatin sauti

Mai karatu ya ƙaddara bututun ruwa da aka ɗaure fatar ganga a tsakiyarsa. Ruwa ba zai wuce ba, amma idan aka girgiza ruwan ɓangare ɗaya, fatar za ta kai girgizar ɗaya ɓangaren. Haka kafasita take: tana tare lantarki mai tafiya hanya ɗaya, tana barin mai kai-da-komo ya wuce, kuma sauti a cikin waya kai-da-komo ne. Gwargwadon saurin girgizar, gwargwadon sauƙin wucewarta. Siririn sauti irin na sarewa yana wucewa ba wahala, mai kauri irin na babbar ganga sai kafasitar ta yi girma.

Daga nan ayyukanta uku suka fito. Tana zama randar ajiya a sashen wuta, ta cika ta riƙa ba amfilifaya a hankali. Tana zama gada tsakanin wani sashe da wani, ta wuce da sauti ta tare wutar da ba a so. A cikin akwatin sifika kuma tana zama rariya, ta tura siririn sauti zuwa ƙaramar sifika ta hana mai kauri fasa ta.

Ana auna girmanta da farad, sunan da aka ɗauko daga Michael Faraday, amma a aikace da maikurofarad ake magana, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Lissafin ba shi da wuya. Kafasita mai maikurofarad 1 da ke gaban rizista mai om 10,000 tana fara rage sauti daga hertz 16 zuwa ƙasa, inda kunnen mutum, da ke farawa daga wajen hertz 20, ba ya kaiwa. Idan ta bushe ta koma rubu'in girmanta, iyakar ta hau zuwa hertz 64, kaurin ganga ya fara tafiya. Babu wanda ya taɓa musun wannan. Abin da ake gardama a kansa shi ne: kafasita biyu masu girma ɗaya, dukkansu lafiyayyu, ɗaya ta sulai ɗaya ta zinariya, kunne zai bambanta su?

Zamanin haɗa-da-kanka

Al'adar taɓa cikin na'ura ta samo asali ne daga shekarun 1950, lokacin da kamfanoni irin su Heathkit da Dynaco ke sayar da amfilifaya a warwatse cikin kwali, mai saye ya zauna da takardar bayani da ƙarfen narka dalma ya haɗa da kansa. Dynaco ST-70, da David Hafler ya fitar a 1959, an sayar da fiye da 300,000. Wanda ya haɗa abu da hannunsa ba ya tsoron sake buɗe shi. Nan da nan aka samu masu sana'ar gyara wa mutane Dynaco ɗinsu, kuma ɗaya daga cikinsu, William Zane Johnson na Minnesota, shi ne ya kafa Audio Research a 1970. A shekarar ce Edward Dell ya fara buga mujallar The Audio Amateur domin irin waɗannan mutane.

A gefe guda kuma, yadda ake hukunta na'urar sauti yana canzawa. Manyan mujallun lokacin da awo suke aiki: ƙarfi nawa, jirkicewar sauti kashi nawa. J. Gordon Holt ya kafa Stereophile a 1962 a kan cewa kunne ne alƙali, Harry Pearson ya biyo shi da The Absolute Sound a 1973. Suna da hujja. Amfilifayoyin transista na farko sun fi na bawul kyau a takardar awo, amma da yawansu suna da kaushi a kunne, saboda awon da ake yi a lokacin, na cikakken ƙarfi, yana ɓoye wata jirkicewa da ke bayyana idan an rage murya. Masu saurare sun ji aibin kafin masu awo su ba shi muhimmanci. Wannan nasara ce ta ba su ƙarfin gwiwar da suka riƙe har yau.

A Japan abin ya ɗauki wata hanya. Masu karanta mujallar Musen to Jikken, wadda aka fara bugawa tun 1924, suna yawo a shagunan Akihabara a Tokyo suna neman tsofaffin kayan Western Electric da kafasitocin takarda da mai. Hiroyasu Kondo ya kafa Audio Note a 1976, yana naɗa kayansa da azurfa. Jean Hiraga, ɗan Faransa da ya zauna a Japan, ya kai wannan ra'ayi Turai ta mujallar L'Audiophile.

Makalar 1980

Abin da ya mayar da raɗe-raɗi ya zama aƙida shi ne makala mai kashi biyu da Walt Jung da Richard Marsh suka buga a mujallar Audio ta Amurka, a watannin Fabrairu da Maris na 1980, a kan yadda ake zaɓen kafasita. Dukkansu injiniyoyi ne, Jung ma littattafansa ake koyarwa da su. Sun nuna cewa kafasitar gaske ba irin ta littafi ba ce. Tana da ɗan cikas a jikinta da ke mayar da wani kaso na lantarki zafi. Tana yoyo. Kuma shamakinta yana shanye wani caji ya riƙe, ya sake shi daga baya, kamar soso da aka matse amma bai rabu da ruwa ba. Wannan shanyewa tsohon sani ne, Rudolf Kohlrausch ya yi nazarinta a kwalbar Leiden tun 1854, amma Jung da Marsh ne suka ɗaure ta da abin da kunne ke ji. Suka jera shamakai daga mafi kyau zuwa mafi muni: teflon da folistirin da folifurofilin a sama, foliyesta a tsakiya, mai ruwa da tantalam da yawancin na tangaran a ƙasa.

Makalar ta ba masu gyara abin da suke nema, wato dalili na kimiyya da jerin abin saye. Mutanen biyu suka bi ta da wasu makalu a The Audio Amateur ƙarƙashin sunan POOGE, suna nuna yadda za a ɗauki na'ura mai araha a canza mata kayan ciki mataki-mataki. Kasuwa ta buɗe. Aka samu kafasitoci masu suna kamar turare, aka samu Black Gate, wadda Rubycon ke ƙera wa kamfanin Jelmax na Japan da garin gawayin fensir a cikinta. Da aka daina yin ta wajen 2006, ragowar da ke hannun mutane ta zama kadara. Da na'urar CD ta shigo kasuwa a 1982, mutane da dama suka ce sautinta bushe ne, sana'ar canza mata kafasitoci ta ƙara bunƙasa.

Masu awo sun amsa

Injiniyoyi da dama ba su gamsu ba. Hujjarsu ita ce shanyewar caji matsala ce babba a na'urorin awo masu riƙe caji na ɗan lokaci, amma a hanyar sauti ba ta haifar da sabon amo da babu shi a asali, ɗan canji kawai take yi wanda bai kai a ji ba. Sai dai magana ba ta kashe magana. Wanda ya zauna ya auna shi ne Cyril Bateman, ɗan Ingila da ya yi shekaru yana tsara kafasitoci a masana'anta. A 2002 da 2003 ya buga jerin makalu a mujallar Electronics World, bayan ya ƙera na'urar da ke gano jirkicewa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan.

Sakamakonsa bai faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. Ya tabbatar cewa kafasitoci suna jirkita sauti, kuma sun bambanta. Folifurofilin da folistirin sun fito kusan tsaf, foliyesta tana da ɗan aibi da ake iya aunawa, mai ruwa ta fi ta. Tangaran kuma ya rabu biyu: nau'in da ake kira X7R yana jirkita sauti sosai, amma nau'in C0G, mai araha, yana cikin mafi tsafta da ya gwada. Ya kuma nuna cewa yadda aka haɗa waya da fallen ciki yana iya ɓata kafasita mai shamaki mai kyau. Farashi bai zama ma'auni ba.

Douglas Self, wani injiniyan Ingila da ya yi aiki da masu ƙera kayan situdiyo, ya ƙara bayani mai amfani. Jirkicewar tana fitowa ne idan akwai sauti mai ƙarfi da ya tsaya a kan kafasitar kanta. Idan gada ce kawai, kuma an yi ta da girma sosai har abin da ke tsayawa a kanta bai wuce wajen milivolt 80 ba, ko mai ruwa ce aibinta yana ɓacewa daga awo. Idan kuma rariya ce, kamar a cikin akwatin sifika ko wurin daidaita amo, dole sauti ya tsaya a kanta, nan ne nau'in shamaki ke da tasiri. Wato tambayar ta tashi daga "wace ce ta fi kyau" ta koma "a ina aka sa ta".

Akwai kuma abin da masu awo suka daɗe suna tunatarwa. Waƙar da ake saurare ta riga ta bi ta teburin haɗa sauti na situdiyo, inda ta keta gomman kafasitoci masu ruwa na gama-gari kafin ta hau faifai. Idan kowace tana ɓata sauti kamar yadda ake faɗa, ɗaya ta ƙarshe a falon mai saurare ba za ta dawo da abin da ya tafi ba.

Gani ya kori ji

Hausawa suna faɗin wannan karin magana ne don fifita abin da ido ya shaida a kan jita-jita. A duniyar sauti ta samu wata ma'ana: abin da ido ya gani yana canza abin da kunne ke ji. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane sauraren sifiku iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada da kyan katako suka samu maki mai yawa. Da aka ja labule, tazarar ta ragu ƙwarai. Ƙwararrun masu saurare ma ba su tsira ba.

Tun kafin nan, wasu masu sha'awar sauti a yankin Detroit sun ƙera akwatin gwaji da ake kira ABX, David Clark ya bayyana shi a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti a 1982. Mai saurare yana jin A, yana jin B, sannan a ba shi X, wanda akwatin ya zaɓa daga cikin biyun ba tare da kowa ya sani ba. Aikinsa ya faɗi wanne ne. Wanda ya dace sau 12 cikin 16 ya wuce abin da ake ɗauka sa'a ce kawai. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne ƙarfin murya ya zama ɗaya, bambancin bai wuce desibel 0.1 ba, domin wanda ya ɗan fi ƙarfi kunne ba ya cewa ya fi ƙarfi, cewa yake ya fi daɗi.

Mu masu manhaja mun san wannan tarko. Wanda ya kwana yana sake rubuta wani sashe na shiri, da safe zai ji a jikinsa cewa shirin ya ƙara sauri. Shi ya sa ba a tambayarsa. Ana auna lokaci kafin da bayan, a na'ura ɗaya, da bayanai iri ɗaya, sau da yawa. Mai canza kafasita kuwa ba shi da wannan gata. Ya kashe na'ura, ya yi awa biyu da ƙarfen dalma, ya kashe kuɗi, sannan ya kunna yana kwatanta abin da yake ji da abin da yake tunawa, alhali tunanin ainihin sauti daƙiƙu kaɗan yake yi ya dusashe. Shi ne mai aikin, shi ne mai biya, shi ne alƙali.

Ruwa ba ya tsami banza

Duk da haka, mutane da yawa da suka ce sun ji bambanci gaskiya suka faɗa, sai dai dalilin da suka bayar ne ba shi ba. Na farko shi ne tsufa. Ruwan da ke cikin kafasita mai ruwa yana ƙafewa, zafi kuma yana gaggauta shi. Ƙa'idar masana'anta ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarta. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85, idan cikin akwatin yana kan digiri 45 za ta yi wajen awa 32,000, kusan shekara 22 ga mai kunnawa awa 4 a rana. Idan ya hau 55, rabin haka. Mai amfilifaya a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, yana cin rayuwar kayansa da saurin da takwaransa na Landan bai sani ba. Wanda ya cire busasshiya mai shekara 40 ya sa sabuwa, lallai zai ji gunji ya tafi, kauri ya dawo. Sabuwa ta kasuwa mai inganci ma haka za ta yi masa.

Na biyu shi ne girma. Mai ruwa tana iya kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin 100. A rariyar sifika mai om 8, maikurofarad 4.7 tana yanka wajen hertz 4,200, amma 5.6 tana yanka wajen 3,550. Na uku shi ne cikas ɗin cikinta. Idan aka cire mai ruwa da ke da rabin om aka sa mai leda da kusan ba ta da komai, ƙaramar sifika tana ƙara ƙarfi da wajen rabin desibel. Mai saurare zai ce sauti ya yi haske. Ya yi ɗin, amma ma'aunin da mai ƙera sifikar ya daidaita ne aka karkatar.

Zamanin da duniya ta fi sanin cewa kafasita tana mutuwa shi ne tsakanin 1999 da wajen 2007, lokacin da aka yi abin da ake kira annobar kafasita. Miliyoyin gwangwanaye suka riƙa kumbura suna tsiyaya a cikin kwamfutoci da talabijin tun ba su daɗe ba. Labarin da mujallun fasaha suka buga, ciki har da IEEE Spectrum a 2003, shi ne an saci sirrin haɗa ruwan sinadari daga wani kamfanin Japan, aka kwafe shi ba cikakke ba, ba tare da abin da ke hana shi cin alminiyom ya tara iska ba. A 2005 kamfanin Dell ya ware kusan dala miliyan 300, akasari don gyara kwamfutocin da kafasitocinsu suka lalace. Ƙarni guda na masu gyara a nan suka koyi kallon kan gwangwani su ga ko ya kumbura.

Abincin wani gubar wani

Kamfanin Sprague ya yi wata kafasitar takarda mai baƙin jiki da zobba masu launi, aka yi mata laƙabi da sunan ƙudan zuma. Gibson ya sa ta a jitar Les Paul a ƙarshen shekarun 1950, jitar da yanzu ke cikin mafi tsada a duniya. Saboda haka masu jita suna biyan kuɗi mai yawa a kan tsohuwar ƙwaya ɗaya. Masu gyaran tsofaffin rediyo kuwa cire irinta suke yi su zubar, domin takarda tana shan danshi ta fara yoyo, yoyon kuma yana iya sa bawul ya ja wuta fiye da kima ya ƙona taransifoma. A jita babu wannan haɗari, kuma tsohuwar da girmanta ya kauce daga maikurofarad 0.022 da aka rubuta mata lallai za ta ba da amo daban.

Haka tantalam. Jerin 1980 ya jefa ta can ƙasa, amma kamfanin Naim na Salisbury a Ingila, wanda masu bin kunne ke girmamawa, ya shekara da shekaru yana sa ta a hanyar sauti. A nan ne ma labarin ya taɓo ƙasarmu. Ana samun tantalam tare da niyobiyam a ma'adinan tantalayit da kwalambayit, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit, daga filayen kuzar Jos. Har yanzu tana cikin ƙasashen da ake haƙo tantalam, tare da Kwango da Ruwanda da Birazil. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2000 saboda buƙatar wayoyin hannu, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a 2001 cewa cinikinsa na cikin abin da ke rura yaƙin gabashin Kwango. Wayar da ake karanta wannan rubutu a kanta tana ɗauke da ɗaruruwan kafasitoci, mafi yawansu na tangaran, wasu ba su kai ƙwayar gero ba.

Abin da ya rage

Bayan shekara 40 da ɗoriya, kowane ɓangare ya ci wani abu. Masu kunne sun tilasta wa masana'anta ta kula da kayan da a da ake ɗauka duk ɗaya ne, shi ya sa yau folifurofilin ta zama ruwan dare a sifiku masu kyau. Masu awo sun nuna inda bambancin yake da inda babu shi, sun kuma nuna cewa tsada ba ta bin inganci. Kasuwar kuma ta haifi nata ɓarayin, har ana samun babban gwangwani mai tambarin shahararren kamfani, a yanka shi a tarar da ƙarama mai araha a ɓoye ciki.

Ga mai tsohuwar rediyo ko amfilifayar da ya gada, abin da tarihin ke koyarwa a taƙaice yake. A canza masu ruwa da suka tsufa da na takarda, a sa masu girma iri ɗaya, masu jure wuta daidai ko fiye, kuma a ƙasa mai zafi a nemi masu alamar digiri 105. A kula da ƙafar da ta dace, domin mai ruwa idan aka juya ta fashewa take yi. A tuna cewa amfilifayar bawul tana aiki da volt 400 ko fiye, kuma kafasitocinta suna riƙe cajin bayan an zare waya daga bango, don haka wanda bai koyi sauke caji ba ya kai wa mai gyara. Tsofaffin gwangwanaye masu mai na kafin 1979 kuma wasunsu na ɗauke da sinadarin PCB mai guba, wanda Amurka ta haramta ƙera shi a shekarar, kada a fasa su.

Wanda kuma yake son ya san ko kafasita mai tsada ta fi, hanya a buɗe take, ba ta buƙatar ɗakin bincike. Ya auna biyun ya tabbatar girmansu ɗaya, ya haɗa su da makunni, ya daidaita ƙarfin murya, ya ba wani aboki ya riƙa juyawa daga inda ba ya ganinsa, su rubuta amsa sau 16. Idan ya dace sau 12 ko fiye, yana da hujjar kashe kuɗinsa. Idan bai dace ba, kuɗin sun isa ya sayi faya-fayai masu yawa.